Wari Ne Ya Gyara Landan, Ko Ƙuri'a?

Malam Garba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan isha'i Abba ya ce masana'antu ne suka fitar da talakan biranen Ingila daga ƙangi, na ce masa sai da safe. To ga safiya ta yi. Inda na tsaya shi ne: ba masana'anta ce ta gyara zaman talakan birni ba, ba kuma tausayin manya ba ne. Tsoro ne. Sai da cuta da wari suka tsallako daga lungun talaka suka shiga hancin masu mulki sannan aka motsa. Hujjata bazarar 1858. Kogin Tems ya zama masai, ƙazantar Landan duk cikinsa take zuba, zafi ya tsananta, ruwa ya ja baya, ga ginin majalisa a bakin kogin. Har labule suka riƙa jiƙawa da ruwan sinadari suna ratayawa a tagogi, bai hana ba. Cikin kwana 18 aka zartar da dokar da ta ba da damar cin bashin fam miliyan 3 don gina manyan magudanan ƙazanta. Alhali kafin nan kwalara ta kashe mutum sama da 14,000 a Landan tsakanin 1848 da 1849, ta dawo ta ɗauki sama da 10,000 a 1853 da 1854, ana ta kafa hukuma ana rushewa. Gawawwaki 24,000 ba su yi abin da wari ya yi ba.

Abba: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, to wannan fam miliyan 3 daga ina ya fito? Ba daga arzikin masaƙu da ƙarfe da kwal ba? Ƙasar da ba ta da masana'antu ko warin ya kashe 'yan majalisarta ba ta da abin gina magudana. Kuma ku duba Manchesta: mutanenta wajen 75,000 a 1801, zuwa 1851 sun haura 300,000. Ba wanda ya ɗaure su da igiya ya kawo su. Da ƙauye ya fi da ba su baro shi ba.

Kwamared Isa: Abba, ɗana, igiya kala-kala ce. Shekara 19 na yi a wata masaƙa a Kaduna, na san yadda mutum ke zuwa bakin ƙofar kamfani da ƙafarsa alhali yunwa ce ta riƙo masa wuya. Can ma haka. Manyan masu gonaki sun killace filayen da talakan ƙauye ke kiwo da yin itace. Masu saƙar hannu, dubban ɗaruruwa, inji ya karya musu farashi har aikin yini ya kasa ciyar da gida. 'Yan Ailan yunwar dankali ce ta koro su daga 1845. Sannan ga dokar gajiyayyu ta 1834: in kana son taimakon hukuma sai ka shiga gidan aikin gajiyayyu, a raba ka da matarka, a raba ku da 'ya'yanku, kuma da gangan aka tsara zaman ciki ya fi na mafi ƙasƙancin lebura muni. A irin wannan gida a garin Andover, a 1845, an samu mutanen da aka sa aikin farfasa ƙasusuwa suna gwaguyar ruɓaɓɓen ɓargon saboda yunwa. Wannan shi ne zaɓin da kake cewa sun yi.

Hajiya Rabi: Ni ba tarihi na karanta ba, jinya na yi, don haka inda mutum ke kwana da inda yake zagayawa nake fara dubawa. Gidajen da aka gina wa ma'aikata a Manchesta da Leeds da Liverpool manne suke baya da baya: bango ɗaya ya haɗa gida biyu, ba ƙofar baya, ba taga a baya, iska ba ta ratsawa. Wanda bai iya biyan wannan ba sai ya kama ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ruwan kwata ke tsattsafowa ta bango. Engels, wani marubuci Bajamushe wanda ubansa ke da hannun jari a wata masaƙa a can, ya zagaya unguwannin da ƙafarsa ya rubuta abin da ya gani a 1845. A wata unguwa ta 'yan Ailan a kwarin kogin Medlock ya ce mutum wajen 4,000 ne cikin 'yan gidaje kusan 200, salga ɗaya ga mutum 120. Ku tsaya ku auna wannan. Mace mai ciki wata tara, cikin sanyin Ingila, da asuba, tana layin salgar da mutum 119 ke shiga. Ba za ta je ba. Cikin fo za ta yi ta watsar a lungu, yaranta kuma a lungun suke wasa.

Alhaji Tanko: Subhanallah. Hajiya muna karin kumallo fa.

Hajiya Rabi: Alhaji ka ajiye kokon tukuna, da saura.

Malam Garba: Hajiya ta taya ni. A rahoton da jami'in gwamnati Edwin Chadwick ya fitar a 1842 kan tsabtar muhallin ma'aikata, matsakaicin shekarun mutuwa a gidan lebura a Manchesta 17 ne, a Liverpool 15, alhali leburan ƙauye a yankin Rutland 38. Wato leburan ƙauye daidai yake da lauya ko likitan Manchesta, su ma 38. Abba, ga amsarka kan cewa birni ya fi ƙauye. An buga wannan rahoto, an sayar da dubbai, manya sun karanta. Me aka yi? Shekara shida ana jan ƙafa, sai da aka ji kwalara ta sake tasowa daga gabas sannan aka yi dokar lafiyar jama'a ta 1848.

Hajiya Rabi: Malam, kada a ɗauki 17 ɗin nan a ce mutum na kai 17 ya faɗi. Jarirai ne suka ja lissafin ƙasa. In gida ya binne yara uku kafin yaye, kaka ta mutu tana da 68, ka raba huɗu ka ga abin da zai fito. William Farr, mai riƙe da alƙaluman mutuwa na ƙasar, ya yi lissafin da ya fi wannan tsafta, kuma shi ma ba daɗi: jaririn da aka haifa a Liverpool a 1841 ana sa masa ran shekara 26, na yankin Surrey 45.

Abba: Na karɓi wannan, Umma. Amma ai albashi ya ƙaru daga baya, burodi ya yi sauƙi bayan soke harajin hatsi a 1846, tufafin auduga ya yi arha har talaka na iya canza riga ya wanke. Wannan ba majalisa ce ta ba su ba, inji ne.

Kwamared Isa: Daga baya. Ka ji kalmar da ka faɗa da bakinka. Wanda ya shiga masaƙa a 1800 ya mutu bai gani ba, ɗansa ma da ƙyar. Jika ne ya ɗanɗana. Kuma ƙarin sule biyu a mako ba ya sayo maka magudana. Kana iya sayen burodi kai kaɗai, ba ka iya sayen tsabtataccen kogi kai kaɗai.

Injiniya Musa: Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren ruwa, don nan ne maganar Malam ke da ƙarfi kuma nan take da rauni. Mutanen nan ba su yarda cewa ruwa ke kawo kwalara ba. A wurinsu wari shi ne cutar kanta, ka shaƙa ka kamu. Chadwick a kan wannan ya tsaya. Shi ya sa daga 1848 hukumar magudanan Landan ta shiga rufe ramukan masai na gidaje tana juya ƙazantar cikin kwatoci, kwatocin kuma su kai kogi. An kawar da wari daga ƙofar gida an zuba shi inda kamfanonin ruwa ke ɗiba. An gudu ba a tsira ba.

Likita John Snow ne ya ce ruwa ne. A ƙarshen Agustan 1854 cuta ta ɓarke a unguwar Soho, mutum sama da 600 suka mutu. Ya bi gida-gida yana tambayar inda suke ɗibar ruwa, ya ga gawawwakin sun kewaye tuƙa-tuƙa ɗaya a titin Broad. Ma'aikatan wani gidan giya da ke kan titin ba su kamu ba, don ba sa shan ruwan famfon. Abin da ya fi ba ni mamaki wata bazawara ce a Hampstead, nesa da unguwar, da ta mutu da cutar. Da aka bincika, ashe ta taɓa zama a Soho, tana son ɗanɗanon ruwan wannan famfo, kullum ana kai mata a babbar kwalba cikin amalanke. An cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba. Snow ya kuma ƙirga a kudancin Landan, inda kamfanoni biyu ke ba titi ɗaya ruwa, wannan gida na wannan, na kusa da shi na wancan. Kamfanin Southwark da Vauxhall na ɗiba a cikin gari, na Lambeth ya matsa sama da gari tun 1852. A kowane gida 10,000, na farko mutum 315 suka mutu, na biyu 37. Duk da haka hukuma ba ta yarda ba. Snow ya rasu a Yunin 1858, ana tsakiyar warin da Malam ke magana.

Saboda haka magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya gina wa Landan, manya mil 82, na tituna wajen mil 1,100, jan bulo sama da miliyan 300, an gina su ne don korar wari. Suka kori kwalara a kan hanya.

Malam Garba: To Injiniya ai ka ƙara mini gishiri ne. Tunda sun ɗauka wari na kisa, ranar da ya shigo majalisa rayukansu suka ji wa tsoro. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ko mijin Sarauniya Victoria, Yarima Albert, taifot likitoci suka ce ta kashe shi a 1861. Cutar ba ta duba rawani.

Injiniya Musa: Saura ƙiris, Malam. A 1866 kwalara ta dawo ta kashe sama da mutum 5,000, mafi yawansu a gabashin Landan, unguwar talakawa. Aikin magudana bai kammala a wannan ɓangare ba, kamfanin ruwan yankin kuma ya ba mutane ruwan da ba a tace ba. Tsoro ya sa an fara aikin, na yarda. Amma sai ka tambayi wa ya samu a farko, wa ya jira.

Alhaji Tanko: Ni kun san ɗan kasuwa ne, ina da 'yan ɗakunan haya. Kowa na zagin masu gidaje. Wa zai biya kuɗin bututun? Ai harajin gida za a ƙara, mai gida kuma ya ɗora wa ɗan haya. In an ce ka gyara ko a rushe, ƙarshenta talakan ne a waje.

Malam Garba: Alhaji, da kana Leeds a 1848 da an ba ka kujera a majalisar gari, don maganarsu ke nan harafi da harafi. Masu kantuna da ƙananan masu gidajen haya su ne masu ƙuri'a a garuruwa, su suka riƙa kayar da duk wanda ya zo da maganar ƙarin haraji. Dokar 1848 ma lallashi ce: gari ba ya shiga dole sai in mutuwa ta wuce 23 cikin 1,000 a shekara, in ba haka ba sai kashi ɗaya cikin goma na masu biyan haraji sun nema da kansu. A 1854 suka yi waje da Chadwick, jaridar Times na murna, tana cewa gara su yi caca da kwalara da a tilasta musu lafiya.

Alhaji Tanko: A'a, ni ban kai can ba.

Kwamared Isa: Alhamdu lillahi, Malam ya rushe ginin kansa. Waɗannan masu kantuna ba sa tsoron kwalara ne? Suna tsoro, a cikin gari suke, 'ya'yansu na mutuwa. Amma tsoron haraji ya fi. To me ya canza? Ƙuri'a. A 1867 aka ba magidantan ma'aikata na birane damar zaɓe. Ku ƙirga abin da ya biyo baya: 1872 aka wajabta wa kowace hukumar gari ɗaukar likitan lafiyar jama'a, 1875 aka yi babbar dokar lafiya wadda ta mai da magudana da ruwa da kwashe shara wajibi, ba ganin dama ba. A Birmingham Joseph Chamberlain ya zama magajin gari a 1873, ya karɓe kamfanonin gas da na ruwa ya mai da su na gari. Kuma ƙuri'ar ba kyauta aka ba su ba. A 1819 a filin St Peter na Manchesta mutum wajen 60,000 suka taru suna neman wakilci, mahaya suka afka musu da takubba, aka kashe sama da goma, ɗaruruwa suka ji rauni. A 1842 masu neman ƙuri'a ga kowane namiji sun kai wa majalisa takarda mai sa hannun mutum sama da miliyan 3, aka yi watsi da ita, masaƙun arewa suka tsaya cak da yajin aiki. Dokar 1847 da ta taƙaita aikin mata da matasa a masaƙa zuwa awa goma a rana ma shekaru aka yi ana taro a kanta a Yorkshire da Lancashire.

Abba: Kawu, ai dokar yara ta 1833 ba masu ƙuri'a ba ne suka kawo ta. Lord Ashley da ya yi fafutukarta basarake ne, addini ya motsa shi. Shi ya tsaya har aka hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 shiga ramin kwal a 1842. Wannan ba tsoro ba ne, ba ƙuri'a ba ce. Akwai mutanen kirki.

Kwamared Isa: Akwai, Allah ya saka wa kowa da niyyarsa. Dokar 1833 ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da 9 a masaƙa, ta ce ɗan 9 zuwa 13 kada ya wuce awa 48 a mako. Ka san sufetoci nawa aka naɗa wa ƙasar gaba ɗaya? Huɗu. Kuma rajistar haihuwa sai 1837 aka fara, to da me za ka ƙaryata uban da ya ce ɗansa ya kai? Mu da muka yi aikin kamfani mun san ranar zuwan sufeto. Tun jajibiri ake share fili, a raba abin toshe hanci, washegari a karɓe.

Malam Garba: Kwamared, ban faɗi ba tukuna. Tsoro ba na cuta kaɗai ba ne. Akwai tsoron tawaye, wanda kai ma shi ka lissafa. Akwai kuma na 1899, lokacin yaƙin Turawan Boer a Afirka ta Kudu: a Manchesta mutum wajen 11,000 suka zo shiga soja, aka mayar da kusan 8,000 gida saboda jikinsu bai kai ba. A daidai lokacin mai binciken talauci Charles Booth ya ƙirga kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Landan cikin talauci, Seebohm Rowntree ya samu kusan 28 a York. Alƙaluman sun tayar da hankali, amma abin da ya hana manya barci shi ne daular da ba ta da ƙartin da za su riƙe mata bindiga, ga Jamus na tasowa. Sai ga abincin makaranta a 1906, duba lafiyar 'yan makaranta a 1907. Duk inda ka tona, tsoro za ka tarar.

Hajiya Rabi: Malam, in ka faɗaɗa tsoro har ya haɗiye komai, ai ba sauran muhawara. Ni tambayata ɗaya: mai kuɗi in ya ji tsoron cutar talaka, me ya fi masa sauƙi, ya gyara unguwar talaka ko ya tashi? Tashi. Engels ya faɗi haka a kan Manchesta: masu masaƙu sun koma bayan gari, can Cheetham Hill da Broughton da Ardwick inda iska ke da kyau, manyan titunan da suke bi zuwa ofis kuma kantuna ne jere dama da hagu, sun rufe lungunan da ke baya. Mutum zai shekara yana wucewa bai ga komai ba. Majalisa ce kawai ba ta ɗaukuwa a kai, shi ya sa 1858 ta yi aiki.

Kuma mu shaida ne. Turawan nan da suka san duk wannan, da suka zo ƙasarmu suka ji tsoron sauro da ciwon shawara, magudana suka gina wa birni? A tsarin Lugga, yadi 440 na fili ake bari ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Su suna Nassarawa cikin itatuwa, mu aka turo mana duba-gari yana leƙa randa yana cin tara. Tsoron iri ɗaya ne da na Landan. Abin da ya bambanta, mutanen cikin ganuwa ba su da ƙuri'ar da za su kayar da kowa.

Injiniya Musa: Yaya Rabi ta tuna mini Hambug a Jamus. Attajiran da ke mulkin birnin sun shekara da shekaru suna ja-in-ja kan kuɗin matatar ruwa. A 1892 kwalara ta kashe mutum sama da 8,000. Altona, garin da ke manne da su, ƙasa da su a kogin Elbe, wato ƙazantar Hambug ma yake sha, amma yana tace ruwansa da yashi, bai ji jiki sosai ba. Shekara 34 bayan warin Landan ke nan, kuma likitan Jamus Robert Koch ya riga ya nuna ƙwayar cutar. Sun sani, suna tsoro, ba su yi ba.

Malam Garba: Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na janye "kaɗai". Amma ban janye cewa ba a taɓa fara aikin ba sai da manya suka ji a jikinsu.

Kwamared Isa: Farawa daban, isowa lungu daban.

Hajiya Rabi: Kai ma Kwamared kada ka yi saurin kaɗa tuta. Bayan ƙuri'ar 1867 da dokar 1875, mutuwar manya ta ragu, amma jarirai shiru. Har 1899 a cikin kowane 1,000 da aka haifa a Ingila wajen 150 ba sa cika shekara, kamar yadda yake shekara 50 baya. Gudawar lokacin zafi ke kwashe su. Manchesta ta daɗe tana amfani da salgar bokiti, irin wadda iyayenmu suka sani a kwatas ɗin reluwe, a zo da dare a kwashe. Ga kashin dawaki a titi, ga ƙuda. Uwa tana masaƙa tun asuba, an bar jariri wurin wata tsohuwa da bulumboti mai dogon bututun roba da ba ya wankuwa, in ya dame ta da kuka ta ɗura masa wani ruwan magani mai zaƙi da ake sayarwa a kanti, mai ɗauke da sinadarin sa maye. Su wa ke da ƙuri'ar majalisar ƙasa a lokacin? Maza. Sai bayan 1900, da aka yi dokar ungozoma a 1902, aka baza mata masu bin gida-gida suna duba masu jego, aka fara kula da tsabtar madara, sannan lissafin ya fara sauka.

Abba: To ni yanzu kowa ya taka ni ya wuce. Amma ku bar mini ɗaya: a ƙarshe an rushe lungunan an gina musu gidaje masu kyau. Liverpool ta gina gidajen hukuma tun 1869. A Landan an rushe unguwar Old Nichol, aka buɗe sabbin benaye a wurin a 1900, har yau suna nan ana zaune ciki.

Alhaji Tanko: Abba tambayi kuɗin hayar.

Kwamared Isa: Yau dai ni da Alhaji mun haɗu a sahu ɗaya. Mutum sama da 5,000 aka tasa daga Old Nichol. Sabbin ɗakunan sun fi ƙarfin aljihunsu, ga dokoki: ba a cunkoso, ba a sana'a a ɗaki, alhali su da aikin katako da haɗa kwalin ashana a cikin ɗaki suke ci. Waɗanda suka samu komawa ba su taka kara sun karya ba. Masu albashi ne suka shiga, irin su akawu da 'yan sanda da malaman makaranta. A Birmingham ma Chamberlain ya rushe lunguna ya shimfiɗa titin Corporation, kantuna da ofisoshi suka hau, an daɗe kafin hukumar gari ta gina wa waɗanda aka tasa ko ɗaki ɗaya.

Abba: To su ina suka tafi?

Kwamared Isa: Lungunan da ke kusa, cikin Bethnal Green da kewaye. Ɗakin da ke ɗaukar mutum biyar ya koma ɗaukar takwas, mai gida ya ƙara haya tunda masu nema sun yi yawa.

Alhaji Tanko: Kwamared me ya sa kake kallona?

Kwamared Isa: Ta waya nake kallonka, Alhaji?